Turancin Gaokao: yadda yaran sakandaren Sin suke fama da auna fahimta da haddar kalmomi

Wai mece ce Gaokao ɗin nan, kuma ina ruwan yaron Sin da Turanci?

Gaokao ita ce jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, kamar dai JAMB a wajenmu, sai dai nauyinta ya wuce haka nesa ba kusa ba, domin a yawancin larduna makin da ka ci a kwanakin nan shi kaɗai ne zai yanke jami'ar da za ta ɗauke ka. Ana fara ta ranar 7 ga Yuni duk shekara. An dawo da ita a 1977 bayan shekarun da aka yi babu ita lokacin juyin al'adu na zamanin shugaba Mao, a shekarar mutum kusan miliyan 5.7 suka zauna, wajen dubu 270 kawai aka ɗauka. A 2024 waɗanda suka yi rajista sun kai miliyan 13.42.

A mafi yawan larduna jimillar maki 750 ne, darussa uku ne ginshiƙai, Sinanci da lissafi da harshen waje, kowanne maki 150. Ba dole sai Turanci ba fa, yaro zai iya zaɓar Rashanci ko Japananci ko Faransanci ko Jamusanci ko Sifaniyanci, amma mafi rinjaye Turancin suke yi tunda shi ake koya musu tun daga aji 3 na firamare. Abin da ya kamata a riƙe shi ne a can Turanci darasi ne kawai, lissafi da kimiyya da tarihi duk da Sinanci ake koyarwa, yaro in ya fita daga aji ba zai ji Turanci a kasuwa ko a gidan rediyon garinsu ba, toh ka ga duk abin da ya sani daga littafi da malami ya same shi.

Ya takardar take, kuma me ya sa ake ta maganar auna fahimta?

Minti 120 ake bayarwa, da yammacin 8 ga Yuni. Beijing da Shanghai da Tianjin suna tsara tasu takardar, amma sabuwar takardar ƙasa wadda larduna da yawa suke amfani da ita ga yadda aka raba ta: saurare maki 30, karatu maki 50, amfani da harshe maki 30, rubutu maki 40.

A ɓangaren karatun akwai nassi huɗu, A da B da C da D, tambayoyi 15, kowacce maki 2.5, sai wani nassi na biyar da aka cire masa jimloli biyar aka ba ka bakwai ka zaɓa. Amma in ka duba da kyau, ɓangaren amfani da harshe kashi biyu ne, cike gurbi mai maki 15 nassi ne, na nahawu mai maki 15 shi ma nassi ne, kai har babban insha'in mai maki 25 sai ka karanta labari tukunna kafin ka rubuta ƙarshensa. Haɗa su ka gani, maki 105 cikin 150 sun rataya ne a kan ko yaro ya fahimci abin da ya karanta. Shi ya sa wanda karatunsa ke da rauni babu inda zai ɓuya a takardar nan.

Kalmomi nawa ake so yaro ya sani?

Adadin da kowane ɗalibi da kowane mai kantin littattafai ya sani shi ne 3,500, daga tsohon jerin jarrabawar. Manhajar karatu ta 2017 wadda aka yi wa gyara a 2020 ta zo da jerin kalmomi kusan 3,000, amma har yanzu 3,500 ɗin ne a bakin mutane. Kar a ga kamar an yi sauƙi, domin kalmomin da aka tsiro daga na cikin jerin suna fitowa, in ka san kalma ana sa ran ka gane 'yan uwanta masu ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya ba sai an faɗa maka ba.

Toh in yaro ya haddace 3,500 ɗin ai shikenan ko?

Ina! Nan ne yara masu ƙoƙari suke shan wahalar da take ba ni tausayi. Yaro zai ɗauki littafin kalmomi daga harafin A, kalmar Turanci a hagu ma'anarta da Sinanci a dama, ya yi ta maimaitawa da asuba da dare, wata biyu uku ya gama, sannan ya buɗe nassin D ya ga kowace kalma kamar ya san ta amma jimlar gaba ɗaya ta ƙi shiga kansa.

Dalili na farko, masu tsara jarrabawar suna son kalmar da ka sani amma a ma'anar da ba ka saba ba, malaman can har sun laƙaba wa wannan dabarar suna. Yaro ya haddace address adireshi ne, sai ya tarar da ita a jimla tana nufin tunkarar matsala. Ya san fine lafiya lau, sai ga ta a matsayin tara. Ya san book littafi, sai a nassin talla ta zama kama wuri tun kafin lokaci. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya tal zai cusa ta da ƙarfi, jimlar ta karkace, amsar ta bi ta.

Na biyu kuma ginin jimla ne, kuma wannan ya fi zurfi. A Sinanci aikatau ba ya canza siffa don lokaci, sannan duk bayanin da ke siffanta suna gaban sunan yake zuwa, shi kuwa Turanci sai ya ajiye sunan ya yi ta jera masa bayani a baya da which da that da who har layi uku kafin babban aikatau ya bayyana. Yaron da ya saba da tsarin harshensa in ya kai tsakiyar irin wannan jimlar ya manta wa ake magana a kai. Saboda haka malamai masu kyau suke ɗaukar doguwar jimla guda su sa yara su farfasa ta, a nemo mai aikin da aikin da farko, sauran a ajiye gefe, sai a dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ni a ganina jimla biyar irin wannan a rana sun fi sabbin kalmomi hamsin amfani ga yaron da ya riga ya zagaye jerin sau ɗaya.

Ba wai ina rena hadda ba ne fa. Wanda bai san kalmomi ba babu dabarar da za ta cece shi. Abin da nake cewa shi ne a haddace kalma tare da jimlar da aka gan ta a ciki da kalmomin da take tafiya da su, kuma a riƙa dawo mata. Ɗaliban can sun san binciken Ebbinghaus, Bajamushen nan da ya wallafa aikinsa a kan mantuwa a 1885, wanda ya nuna mafi yawan mantuwa da wuri take faruwa, don haka suke tsara bita bayan kwana ɗaya, bayan 'yan kwanaki, bayan mako, kuma manhajojin waya irin su Baicizhan da Shanbay a kan wannan maimaitawar aka gina su.

Wane irin tambayoyi ake yi, kuma ina tarkon yake?

Iri huɗu ne suka fi yawa: nemo wani bayani da ke cikin nassi, gano abin da marubuci yake nufi bai faɗa ƙarara ba, fito da jigon nassin ko kanun da ya dace da shi, sai cankar ma'anar kalmar da aka ja wa layi. Nassin A yawanci talla ne ko sanarwa, ana iya karanta tambaya a je a tsinto amsa a wuce. B sau da yawa labarin wani mutum ne. C da D su ne masu ƙashi, bayanin wani bincike ko muhawara, galibi an ɗauko ne daga jaridu da mujallun ƙasashen Turai da Amurka aka rage aka gyara.

Tarkon yana cikin zaɓuɓɓuka ukun da ba daidai ba, kuma ba da ka ake rubuta su ba. Wani zai ɗauko kalmomin nassin sak amma ya musanya wanda ya yi aikin. Wani nassi ya ce some shi ya ce all. Wani gaskiya ne a duniya, kowa ya san haka ne, amma marubucin bai faɗa ba, kuma wannan shi ke kama yara masu wayo domin suna amsawa da iliminsu maimakon abin da ke gabansu. Wani kuma daidai yake amma sakin layi ɗaya kawai ya ɗauka alhali jigon duka aka tambaya. Ita kuwa amsar gaskiya sau da yawa ba ta kama da nassin a ido, an sake faɗin maganar ne da wasu kalmomi, shi ya sa sanin kalmomi daban-daban masu ma'ana iri ɗaya yake da muhimmanci a nan. Ƙa'idar da ake nanata musu ita ce kar ka zaɓi amsa sai ka iya ɗora yatsa a kan layin da ya goyi bayanta. Sannan duk inda aka ga but ko however a tsaya, ra'ayin marubuci na gaske bayansu yake zuwa.

Zaɓar biyar cikin bakwai ɗin fa?

Wannan ba ya auna yawan kalmomi sosai, yana auna ko ka ga yadda magana take ɗinkuwa. Ka karanta jimlar da ke gaban gurbin da wadda ke bayansa, ka duba wakilin suna, in zaɓin ya fara da they toh su wa kenan, dole jam'i ya gabata. Kuskure ɗaya a nan yana jawo na biyu, domin in ka saka jimla a gurbin da ba nata ba ka hana ta nata.

Me ya haɗa insha'i da karatu?

Rubutu biyu ne. Ƙaramin mai maki 15 wasiƙa ce ko sanarwa, wajen kalma 80, kuma sau da yawa da sunan Li Hua ake rubutawa, wani ɗalibin ƙirƙira da yake fitowa a takardun tun shekarun 1990. Babban kuma lardin Zhejiang ne ya fara shi a 2016 kafin ya bazu, ana ba ka labari da aka yanke a tsakiya da jimlar farko ta sakin layi biyu, kai ka ƙarasa da kalma wajen 150. Wanda ya haddace jimloli masu ƙyalli zai zuba su, amma in bai gane halin mutanen labarin ba ko abin da aka ɓoye a farkonsa, sai ƙarshen ya tafi wata hanya daban maki ya zube. Gaskiya wannan sashen ya burge ni, domin ya sa dole a karanta labarai na gaske, ba tambayoyi kaɗai ba.

Ya shirin yake a rana ta yau da kullum?

Shekarar ƙarshe kusan duk bita ce, zagaye uku ake yi a makarantu da yawa, da jarrabawar gwaji a tsakani. Da sassafe akwai karatun safe, aji duka suna karanta kalmomi da nassi da murya sama, da dare kuma zaman karatu a aji har wajen ƙarfe goma. Makarantu irin su Hengshui a lardin Hebei da Maotanchang a Anhui sun yi suna a kan tsananin wannan tsari. Akwai abin da su da kansu suke kira tekun tambayoyi, wato ka yi ta amsa takardu ba iyaka.

Abin da na fi yarda da shi cikin al'adunsu shi ne littafin kurakurai. Duk tambayar da yaro ya faɗi zai kwafe ta, ya rubuta abin da ya zaɓa, da dalilin da ya sa ya zaɓa, da layin da amsar gaskiya take. Bayan wata guda sai ya ga ashe kuskurensa iri biyu ne ko uku yake ta maimaitawa, wataƙila kullum yana zarce abin da nassi ya ce, ko kullum lokaci ne ke ƙure masa a D. Yaron da ya yi takarda goma ya tona kowacce ya fi wanda ya yi hamsin yana duba maki kawai ya jefar.

Kowa da kowa ne yake da dama iri ɗaya?

A'a, kuma a Turanci ne bambancin yake fitowa fili. Ɗan babban birni mai iyaye masu hali ya fara jin Turanci tun yana ƙarami, ɗan ƙauye kuwa mai yiwuwa malaminsa ma bai taɓa hira da mai harshen ba. A Yulin 2021 gwamnati ta fito da dokar rage aikin gida da lesin, ta hana kamfanoni cin riba da koyar da manyan darussa ga yaran firamare da ƙaramar sakandare, kamfanoni irin su New Oriental suka girgiza, amma mai kuɗi bai rasa hanyar samo malami a gida ba. A shekarar ma an kai shawara babban taron majalisar ba da shawara ta ƙasa cewa a cire Turanci daga manyan darussa, aka yi ta muhawara, makin dai yana nan 150. Shanghai da Zhejiang suna ba da damar zama jarrabawar harshen waje sau biyu a ɗauki mafi kyau, wanda yana rage fargabar rana ɗaya.

In wata uku suka rage, me yaro zai fi mayar da hankali a kai?

Ya bar sayen sabbin littattafai. Ya ɗauko ainihin takardun shekarun baya, ya riƙa yin nassi huɗu da na biyar ɗin da agogo a gabansa, kar su wuce minti 35 zuwa 40, tunda saurare zai ci wajen 20 kuma rubutu biyu suna jira. Ya gama ya koma kan C da D ba tare da agogo ba, ya fitar da duk kalmar da ta tsayar da shi tare da jimlarta, ya farfasa dogayen jimlolin, washegari da safe ya karanta nassin da murya. In tambaya ɗaya ta riƙe shi sama da minti biyu ya yi mata alama ya wuce, maki 2.5 ne, labarin da zai ƙarasa a ƙarshen takarda kuwa 25.