Wai hoton baƙi da fari ba a taɓa shi?

Mutane da yawa sun ɗauka hoton baƙi da fari na da can gaskiya ne tsantsa, wai abin da kyamara ta gani shi ke fitowa, editin sai da Photoshop ya zo a 1990 aka fara. Ina, ba haka ba ne sam.

Ku duba Ansel Adams, ɗan Amurkan nan da ya yi suna wajen ɗaukar hotunan duwatsun Yosemite da ke jihar California. Hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez a New Mexico, 1941 ya ɗauka, amma saman nan baƙi ƙirin da kowa ya sani ba haka yake a kwafin farko-farko ba, da haskensa, daga baya ne ya yi ta ƙara masa duhu a ɗakin wankin hoto. Yadda ake yi kuwa, haske na ratsa negatif, wato fim ɗin da aka ɗauki hoton da shi, ya sauka kan takardar hoto, inda kake so ya yi fari sai ka tare hasken da hannu ko ɗan kwali a bakin siririn ƙarfe kana kaɗawa don kar alamarsa ta fito, inda kake son duhu kuma ka ƙara masa haske ta cikin kwali mai huji. Tun wajen ɗauka ma fa, jan gilashi a gaban kyamara na mai da shuɗin sama baƙi.

Ni a ganina aikin hannun nan ne ya sa kwafin da ya wanke da kansa ke tsada haka.