Launin furen kaktus

Kaktus dai tsiron nan ne mai ƙaya da yake tara ruwa a jikinsa, wanda masu fulawa ke jerawa a ƙananan tukwane a bakin titi a Jos da Abuja. Asalinsa nahiyar Amurka ce, irinsu Meziko da Bolibiya da Ajantina da Barazil, iri ɗaya tak ne mai suna Rhipsalis baccifera ke fitowa da kansa a Afirka. Wancan da ake shinge da shi a ƙauyukan Filato mutane na ce masa kaktus, dangin ƙyarana da tinya ne, Euphorbia, ka yanke shi za ka ga farin ruwa kamar madara.

Furensa akwai fari da rawaya da ruwan lemu da ruwan hoda da ja har zuwa ja mai duhu da ya karkata ga shanshanbale, amma shuɗi sak kam babu. Dalilin kuwa sinadarin da ke ba shi kala ne, ana kiransa betalain, kashi biyu ne, betacyanin mai ba da ja da betaxanthin mai ba da rawaya, yadda suka gauraya a jikin furen shi ke fidda sauran kalolin. Betalain ɗin ne dai ke cikin jan alayyahu da fulawar bogenbiliya da ke lulluɓe katangu a Abuja. Jan zoɓo daban ne, nasa anthocyanin ne, kuma tsiron da ke da betalain ba ya yin anthocyanin.

A daji kalar tana bin mai ɗaukar masa garin fure, masu buɗewa da dare galibi farare ne masu ƙamshi saboda jemagu da malam-buɗe-littafin dare, ja kuma na ƙananan tsuntsaye masu shan zumar fure.

Kalolin da suka fi ɗaukar ido a gidajen masu sha'awa kuwa yawanci aikin hannu ne, a ɗebi garin furen wannan da ɗan buroshi a shafa wa wancan. Ire-iren kaktus da ake kira Echinopsis da Lobivia sun fi shan wannan aure, Harry Johnson da Bob Schick a Kalifoniya sun yi suna a kai, sai ka ga fure ɗaya tsakiyarsa rawaya gefensa hoda, abin haushin kawai da kyar yake wuce kwana ɗaya ko biyu. In iri ka shuka to caca ce, 'ya'yan uwa ɗaya kowa da kalarsa, wanda ke son ainihin kalar uwar sai ya ɓalli ɗan da ya tsiro a gefenta ya dasa.

Sanyi ma yana taɓa kala, nan ne zancen ya shafi mutanen Jos. Schlumbergera, kaktus ɗin Kirsimeti da ya fito daga tsaunukan kudu maso gabashin Barazil, in mai farin fure ne ko mai rawaya kuma sanyi ya sauka ƙasa da digiri 14 a ma'aunin Celsius lokacin da yake haɗa fure, sai ya fito da hoda-hoda. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, daren hunturu a Disamba da Janairu yakan yi ƙasa da haka, daidai lokacin furensa, shi ya sa wanda aka bari a baranda zai iya bambanta da ɗan uwansa na cikin falo, ba wai mai fulawa ne ya yi maka wayo ba.

Inda wayon yake shi ne busasshen furen wani tsiro daban da ake manna wa kaktus da gam, wata uku yana nan bai yi yaushi ba, ɗaga shi kaɗan za ka ga gam ɗin. Shi kuma ɗan dunƙulen nan ja ko rawaya da ke zaune a kan kore, jikin Gymnocalycium mihanovichii ne da ba shi da sinadarin kore, ba ya iya haɗa abinci da hasken rana shi ya sa ake ɗora shi a kan wani kaktus ya riƙa ciyar da shi, Koriya ta Kudu ce kan gaba wajen fitar da shi kasuwannin duniya.