Sabuwar kyamara za ta gyara hoton dare?

A Jidda zafi ya mai da sha'ani na dare. Walima sai bayan Isha'i, yawon Balad, tsohon cikin gari, ko bakin teku sai rana ta faɗi. Wani ƙanena mai ɗaukar hoton bukukuwan Hausawan unguwarsu ya kawo mini kyamararsa ransa a ɓace: ango ya fito dishi-dishi, farar doguwar rigarsa ta koma ruwan ɗorawa, fuskokin abokai kamar an watsa musu yashi. Har ya fara tara riyal don ya canja ta. Ga yadda muka yi da shi.

Yaya, in na sayi sabuwa hoton zai gyaru?

Zai ɗan gyaru, amma ba yadda mai shago zai faɗa maka ba. Abin da ke kama haske a cikin kyamara wani ɗan faranti ne da ake kira sensa. Babbar sensa faɗinta milimita 36, tsayinta 24. Irin taka, wadda ake ce wa APS-C, ba ta kai rabin wannan fili ba, don haka in ka koma babba za ka tara haske ninki biyu da 'yar ɗoriya. In kuwa sabon samfuri za ka saya mai sensa daidai da taka, bambancin sai ka ƙura ido. Inda sababbin suka yi zarra shi ne kama idon mutum da sauri a cikin duhu.

To ina zan zuba kuɗin?

A gilashin gaba. Duba rubutun da ke jikin naka: 18-55, f/3.5-5.6. Wannan lamba ta f girman ƙofar da haske ke bi take nunawa, kuma a juye take: in lambar ta ƙanƙance ƙofa ta buɗe. Da ka jawo ango kusa, ƙofarka ta tsuke zuwa 5.6. Ɗaura gilashi mai milimita 50 da f/1.8, hasken da zai shiga ya kusa ninki goma. Ninki goma fa, ga kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kyamara ba.

Amma yana da hali. In ka buɗe shi gaba ɗaya, mutum guda zai fito tas, na bayansa su narke. Ranar da dangi suka jeru sahu uku dole ka rage ƙofar, ka nemi taimakon filasha. Kada ka haska ta a fuska. Juya kanta sama, hasken ya daki farin silin ya sauko a hankali.

Yawan megafiksel fa?

Megafiksel adadin ɗigon da ke haɗa hoto ne, a miliyoyi, kuma ba shi ne ba. Sony A7S da ta fito a 2014, wadda ta yi suna wajen aikin dare, 12 kacal gare ta.

Ina tsoron ɗaga ISO saboda yashin nan.

ISO lamba ce da ke ƙara wa hoto haske, kuma tsoron ɗaga ta ne ya ɓata maka ango. Ka bar ISO a 400, sai kyamara ta rama ta hanyar jinkirta ƙiftawarta, wato tsawaita lokacin da take buɗe wa haske, shi kuwa ango ba gunki ba ne, yana ta gaisawa da mutane. Ga wanda ke motsi kada ƙiftawa ta gaza 1/125 na daƙiƙa, ISO ya hau 3200 ko 6400 in ya ga dama. Yashi yana da magani: ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, manhajoji irin su Lightroom, da aka ƙara wa sabon masharin yashi a 2023, suna share mafi yawansa. Hoton da ya girgiza kuwa sai haƙuri. Na'urar hana rawar hannu ma hannunka kaɗai take riƙewa, ba ta riƙe mai tafiya.

Me ya sa wayar abokina ke fin kyamarata a bakin teku?

Wayo ta fi ta. Da tsarin ɗaukar dare irin Night Sight, wanda Google ya kawo a 2018, wayoyi kan ɗauki hotuna da dama a jere su haɗe su wuri guda. Kai ma ɗora taka a kan maɗori mai ƙafa uku, ka sauke ISO zuwa 100, ka bar ta a buɗe daƙiƙa biyu ko uku tana kallon Maɓuɓɓugar Sarki Fahd. Je ka da an idar da Magariba, sama na da sauran shuɗi, ka ga wanda zai yi wa wani dariya.

Layi-layin da ke fitowa a hoton ɗakin biki fa?

Fitilun LED ne ke ƙyafta-ƙyafta da bugun lantarki, ido ba ya gani, kyamara na gani. Wutar Saudiyya 60 take bugawa a daƙiƙa, ta Najeriya 50, shi ya sa saitin da ka koya a Kano ke yi maka gardama a nan. Gwada ƙiftawar 1/125, ko 1/60 in ba mai motsi, sannan ka kashe ɗaukar shiru, wato tsarin da kyamara ke ɗauka ba ƙara.