Don Allah a daina tsoma hannu a bokiti alhali hita na jone

Jama'a sanyi ya shigo, mu kuma a asibiti mun fara karɓar abin da muka saba karɓa duk hunturu, waɗanda hita ta ƙona da waɗanda wuta ta ja, yawanci mata da ɗalibai da yara ƙanana. In ka tambaya kuma labarin ɗaya ne, "na sa hannu ne in ji ko ruwan ya yi zafi." Haba 'yan uwa! Zare filogi fa, wace wahala ce a ciki?

Wannan ƙarfen da kuke jefawa a ruwa bututu ne kawai, a cikinsa akwai siririyar waya da ake ce wa nikrom, haɗin ƙarafa biyu, nikel kashi 80 da kromiyum kashi 20, irin wadda kuke ganin tana yin jawur a hotfilet. Wuta ba ta ratsa ta da sauƙi shi ya sa take ɗaukar zafi, tana haura digiri 1000 ba ta narke ba. Wani farin gari da aka ɗura shi kaɗai ya raba ta da jikin bututun. To ranar da aka kunna hita ba ruwa, ko ruwan bai rufe ta ba, ko ta tsufa farin dattin ruwan rijiya ya daskare a jikinta, sai bututun ya tsage, tsagar da ido ma ba ya gani, ruwa ya shiga ya taɓa wayar, shikenan wuta mai ƙarfin bolt 230 ta gauraye bokitin, ke kuma kina tsaye a banɗaki ba takalmi ƙasa a jiƙe.

Wata ta ce min "ai NEPA ta ɗauke." To sallama za su yi miki kafin su dawo da ita? Na san sanyin asuba ba daɗi, ga yara za su tafi makaranta ga tsadar gas da gawayi, ban ce ku daina dafa ruwa ba, hannun nan dai nake magana. Kashe makunni ma bai isa ba tunda wayarin ɗin gidaje da yawa a juye yake, ko an kashe wuta na iya kaiwa ga hitar, a ZARE filogin.

Ku kuma 'yan hostal masu haɗa reza biyu da waya tsirara su dafa ruwa, wallahi ku ji tsoron Allah.

A gurguje:
- a sa hita a ruwa tukun sannan a jona, a zare sannan a taɓa
- banda bokitin ƙarfe, banda barin yaro a wajen
- hitar da aka naɗe wayarta da salatif ko leda a yar
- in wuta ta kama mutum kar ku rungumo shi, a kashe daga mita ko a ture shi da busasshen katako
- ƙuna a yi ta kwarara ruwan famfo minti 20, banda makilin, ɗanyen ƙwai ko manja
- wanda wuta ta ja, ko tabon ɗan ƙarami ne a kawo shi asibiti mu duba bugun zuciyarsa