Don girman Allah, ku daina zuba magani a tafkin lambu

Ƙorafin da ake kawo mini kan ɗan tafkin bayan gida kusan iri ɗaya ne. Kifi sun taso sama sun juya ciki. Kwaɗi sun yi tsit. Ruwan da ake hango ƙasansa ya yi kauri yana ɗoyi, sauro kuma ya fi na da yawa. Tambayata ɗaya ce kullum: me aka zuba? Sai a ce ba a zuba komai ba. In na yi shiru na ɗan lokaci, sai maigidan ya sosa ƙeya ya ce, "Ɗan kaɗan ne fa, Malam, murfi ɗaya kawai." Wani maganin feshin gona ya tsiyaya, wani kananzir, wani baƙin man da aka juye daga inji. Wata baiwar Allah kuma ruwan wanke banɗaki ta zuba, wai don ruwan ya yi haske.

Na san abin da ke kai ku ga haka, kuma ban raina shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro na kashe mutum wajen 600,000 a shekara, akasarinsu ƙananan yara. Uwar da ta leƙa ruwa ta ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil a 'yan taku kaɗan daga ɗakin da 'ya'yanta ke kwana, dole hankalinta ya tashi. Ban ga laifinta a nan ba. Inda muke rabuwa da ita shi ne abin da hannunta ke ɗaukowa bayan tashin hankalin.

'Yan uwa, tafkin da ya zauna da kyau yana da masu cin sauro a cikinsa, ba ku kuka ɗauke su aiki ba kuma ba ku biyan su. Akwai 'ya'yan mazari da ke laɓe a cikin laka da tsakanin saiwoyi. Akwai ƙwaron nan mai iyo a rigingine, da buzuzun ruwa mai nutso, da ƙananan kifaye. A baki kuma ga kwaɗi suna jiran duk ƙwaron da ya sauka. Maganin da kuka zuba ba ya tambayar waye sauro waye mazari. Duka yake kwashewa. Bayan 'yan kwanaki ƙarfinsa ya ragu, sai a koma tsere, kuma sauro ne zai ci tseren, domin a lokacin zafi mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishe shi daga ƙwai zuwa mai fuka-fuki. Ɗan mazari kuwa sai ya yi watanni a ruwa kafin ya tashi, wasu irinsu har shekara da ɗoriya. Kun ga ɓarawo a tsakar gida sai kuka sallami mai gadi. Daga nan sauro ya dawo ya tarar da ruwa babu mai taɓa shi, ku kuma ku sake ɗauko kwalba, a haka ake ta zagaye har tafkin ya zama ramin wari.

Abin da ya fi ba ni takaici, gargaɗin na jikin kwalbar. Ku juya ta ku duba. Da yawa za ku ga hoton mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya. Wannan hoton ba ado ba ne. Magungunan feshi irin su fametirin da saifametirin, waɗanda ke cikin maganin sauro na gwangwani da na gona da yawa, ɗigo kaɗan nasu na kashe kifi da ƙwarin ruwa. Kwaɗo kuwa ta fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi ta nan, don haka duk abin da ke cikin tafkin yana shiga jikinsa kai tsaye. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in kwaɗi da danginsu a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa. Ga su sun samu ɗan wurin fakewa a bayan gidanka, kai kuma ka tarbe su da guba. Haba!

Masu zuba mai su ma ba su tsira ba. Gaskiya ne man na shimfiɗuwa a saman ruwa ya toshe wa tsutsar sauro numfashi. Haka kuma yake toshe wa ruwan kansa iska, ya shaƙe duk ƙwaron da ke hawowa sama ya sha iska, ya manne a gashin tsuntsun da ya zo wanka. Baƙin man inji ya fi muni, don yana ɗauke da dattin ƙarfe da gubar da ke kwantawa a laka ta daɗe. Sannan ku tuna waye ke shan ruwan nan: kyanwar gida, kare, tsuntsaye, ƙudan zuma. Yaro ma in ya samu sarari hannu zai tsoma ya kai baki.

Wasu za su ce, "Ni ban taɓa zuba komai a ciki ba." Madalla. Amma ka yi feshi a fulawoyin da ke bakin tafkin ranar da ake iska? Ka ɗauraye famfon feshi kusa da shi? Ka bar karen da aka ɗiga wa maganin ƙuma ya faɗa ciki ya yi iyo? Duk hanya ɗaya ce. Guba ba ta damu da ko da gangan aka kai ta ba.

To me za a yi da sauron? Ku fara da binciken inda yake fitowa, domin sau da yawa tafkin ake ɗora wa laifin da ba nasa ba. Na sha zagaya gida tare da mai ƙorafi, mu ɗebi ruwan tafki a farin kofi mu ga tsutsa ɗaya ko babu, sannan mu ɗaga tsohuwar taya a bayan ɗaki mu tarar da ruwan cikinta baƙi ƙirin da tsutsa. Bokitin da aka manta, farantin ƙarƙashin tukunyar fure, indararon da ganye ya toshe, gwangwanin da ruwan sama ya cika: nan ne sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da shawara ya fi son zuba ƙwai, don babu mai cin 'ya'yansa a wurin. Ku zubar da waɗannan ruwaye duk mako. Wannan kaɗai na rage abu mai yawa.

In kuma da gaske tafkin ne, musamman sabo wanda masu farauta ba su kai ga tarewa a ciki ba, akwai abin da aka yi domin wannan aiki. Sunansa Bti. Wata ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa da aka gano a hamadar Negeb ta Isra'ila a 1976. Tsutsar sauro na cinta ta mutu, amma ba ta taɓa kifi, kwaɗo, tsuntsu ko mutum. An yi shekaru ana zuba ta a kogunan Afirka ta Yamma wajen yaƙi da ƙudan da ke jawo makantar bakin kogi. Ana sayar da ita a gari-gari ko a dunƙule, a bi abin da aka rubuta a jikin fakitin, a sake sawa idan lokacinta ya yi. Ƙaramin famfon da zai riƙa motsa saman ruwa shi ma na taimakawa, don sauro ya fi son ruwan da ke kwance lumui. Gidan sauro a kan gado kuwa yana nan daram, tafki ko babu tafki.

Kifi fa? Ana iya sawa, amma da lura. Kifi na cin tsutsar sauro, yana kuma cin ƙwan kwaɗi da 'ya'yan mazari. Wanda ya fi son tafkin namun daji ya haƙura da kifi, ko ya sa kaɗan. Akwai wani ɗan kifi da ake kira gambusiya, ɗan asalin Amurka, wanda aka yaɗa a ƙasashe da yawa da sunan maganin sauro, yau ga shi cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna da suka mamaye wuraren da ba nasu ba. Kada a sake shi a rafi ko kogi. Kuma don Allah a rage hannu wajen ba kifi abinci. Abin da ba su cinye cikin 'yan mintuna ba yana nutsewa ya ruɓe, ruwa ya yi kore, sai kuma a zo ana neman abin da za a zuba ya washe. Kun ga mun sake dawowa kan kwalba.

Tsirrai su ne ainihin maganin koren ruwa, ba sinadari ba. Gansakuka na bunƙasa ne idan ta samu rana da taki. Ku dasa bado a kwando ko tukunya da ƙasa mai nauyi, a rufe samanta da tsakuwa, ba tare da takin dabbobi ko na zamani ba. Ganyensa ya rufe kamar rabin fuskar ruwan, ya bar sauran a buɗe. A ƙarƙashi a sa ciyayin da ke rayuwa a nutse, su ne ke shanye takin da gansakuka ke nema, kuma su ne mafakar ƙananan halittu. A gefe a bar tsirrai masu tsayayyen kara. Ranar da ɗan mazari ya gama zamansa na ruwa, irin wannan karan yake hawa, ya tsaga bayansa ya fito, ya tsaya har fuka-fukansa su bushe. In kun fito da sassafe kuka duba karan da kyau za ku tarar da ɓawon jikinsa a manne, ƙafafu shida riƙe da kara, bayan a tsage, ciki babu kowa. Duk tafkin da na ga wannan ɓawon a bakinsa na san ba a zuba masa komai ba.

Kainuwa ce nake so a yi hattara da ita. Tana da kyau a ido, amma in ta rufe ruwa ruf sai ta hana iska da haske shiga. Kuma akwai wani jinsin sauro, mansoniya, da tsutsarsa ba ta hawowa sama ko kaɗan; saiwar kainuwa take hudawa ta sha iska daga ciki. Masu kananzir ku ji da kyau, wannan ko kun zuba bai dame ta ba. Maganinta a rage kainuwar da hannu. Haka ita ma ciyawar nan mai yawo a kan ruwa, mai kumburarren kara da fure shunayya, wadda asalinta Kudancin Amurka ne. Cikin kamar mako biyu tana iya ninka kanta. A shekarun 1990 ta toshe tashoshin jiragen ruwa da wuraren kamun kifi a Tafkin Biktoriya, kuma ado ne ya fara fitar da ita daga ƙasarta zuwa sassan duniya. Duk abin da kuka tsamo daga tafki, ku ajiye shi a bakin ruwa kwana ɗaya don ƙananan halittun da suka maƙale su koma, sannan a shanya shi ya bushe a yi taki da shi. Ban da kwata, ban da rafi.

Sauran a gurguje, don na san an gaji da ni:

A yi wa gefe ɗaya gangare, ko a jingina katako ko duwatsu, don bushiya ko ƙadangaren da ya faɗa ya samu hanyar fita.
Wajen ƙara wa tafki ruwa, ruwan sama ya fi. In na famfo ne, a bar shi a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya ko biyu kafin a ƙara, kuma kaɗan-kaɗan.
A tsame ganyen da ya zuba kafin ya ruɓe.
Kada a kwashe ruwan duka a goge tafkin tas da sabulu. Lakar ƙasan nan gida ce.
Kada takin lambu ya gangara ciki.
Kada yaro ko babba ya yi fitsari ko bayan gida a ciki ko kusa. Da haka tsargiya ke samun shiga dodon koɗi, daga nan ta kama mai shiga ruwan.
Masu tsoron maciji su yanke ciyawar hanyar da ake bi, su bar duhuwar a ɓangaren da ke nesa da ɗaki.
Gidan da ke da ƙaramin yaro, shinge mai ƙofa ko ragar ƙarfe mai ƙarfi a kan ruwan dole ne. Ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba yana iya halaka yaro mai rarrafe, kuma ba a jin ƙararsa.

Wanda kuma ya riga ya zuba, kada kunya ta hana shi faɗa, ba dukan kowa nake yi ba. A tsamo kifin da ya rage a sa a bokitin ruwa mai tsabta. In mai ne, a shimfiɗa tsohuwar jarida ko tsumma a saman ruwan a tsotse shi, a maimaita har ƙyallin ya ɓace. A kwashe mafi yawan ruwan a zuba a busasshiyar ƙasa nesa da rijiya, kwata da kayan lambun da ake ci, da safar hannu. A hana yara da dabbobi zuwa wurin. In wani ya sha ko ya fara jiri, amai ko dalalar miyau, a tafi asibiti nan take tare da kwalbar, kuma in kananzir ne kada a sa shi amai. Bayan an sake cika tafkin, ku sa rai sauro ne zai fara zuwa, makonni kafin mazari da ƙwarin ruwa su dawo. A wannan tsakanin ne hannu ke ƙaiƙayi. Ku sa Bti, ku motsa ruwan, ku riƙa duba shi da farin kofi duk mako, ku kira ma'aikacin lafiya ko malamin gona mafi kusa in tsutsar ta ƙi raguwa.