Kamfanoni da kuɗin zaɓe a Amurka: abin da doka ta hana da ƙofar da aka bari

A Amurka, kamfani ba shi da damar ɗebo kuɗi daga asusunsa ya miƙa wa ɗan takarar shugaban ƙasa ko na majalisar tarayya. Dokar Tillman ta 1907 ce ta fara haramta wannan, kuma haramcin yana nan daram. To ta ina kuɗin kamfanoni ke kwarara cikin zaɓe?

Ta ƙofar da Kotun Ƙoli ta buɗe ne a watan Janairun 2010, a shari'ar da wata ƙungiya mai suna Citizens United ta shigar. Alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka ce kashe kuɗi don tallata ra'ayin siyasa ɓangare ne na 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago su ma suna da shi. Wato kamfani zai iya sayen tallar talabijin ta miliyoyin daloli yana koɗa wane ko yana caccakar wane, muddin bai haɗa baki da ɗan takarar ba. Nan fa gizo ke saƙar. Tabbatar da haɗin baki aiki ne ja, tunda sau da yawa tsofaffin hadiman ɗan takarar ne ke jan ragamar kwamitocin da ake tara kuɗin, waɗanda ake kira Super PAC. Idan kuma kuɗin ya bi ta wasu ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, babu dole a bayyana mai shi.

Jihar Montana ta yi tirjiya. Tana da dokarta ta hana kamfanoni kashe kuɗi a zaɓe tun 1912, wadda jama'a suka kafa bayan attajiran ma'adinin tagulla sun mayar da 'yan siyasar jihar 'yan amshin shata. A 2012 Kotun Ƙoli ta yi fatali da ita.

Shi ya sa wasu masana shari'a suka sauya salo. Hujjarsu ita ce, kamfani ba haifarsa aka yi ba, dokar jiha ce ta ƙirƙire shi, ita ta ba shi ikon mallakar kadara, ƙulla yarjejeniya da shigar da ƙara. Tunda haka ne, in ji su, jiha na iya cire kashe kuɗi a zaɓe daga cikin ikon da take bai wa kamfani tun farko. Mai kamfanin yana nan da 'yancinsa, sai dai ya kashe daga aljihunsa.

Dabarar ta yi kaifi, amma da sauran rina a kaba. Masu adawa za su ce gwamnati ba ta isa ta gindaya wa kowa sarayar da haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi kafin ta yi masa rajista ba, kuma da wuya irin wannan shari'a ta ƙare ba ta je gaban Kotun Ƙoli ba.