Gidan Namun Daji na Dvůr Králové

Gidan namun daji na Dvůr Králové yana wani ƙaramin gari mai wannan suna da ke bakin kogin Elbe, a arewa maso gabashin Jamhuriyar Cek. An buɗe shi a shekarar 1946, kuma da farko dabbobin yankin ne kawai ake ajiyewa a cikinsa, ba shi da wani suna a wajen garin.

Al'amarin gidan ya sauya ne bayan da Josef Vágner, masanin gandun daji, ya zama shugabansa a 1965. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970 ya yi ta kai da komo zuwa Afirka, inda ya kwaso dabbobi kimanin 2,000, akasarinsu raƙuman dawa da jakunan dawa da dangin barewa, domin burinsa shi ne a riƙa kiwon su garke-garke kamar yadda suke a daji. A 1975 hukumomin gwamnatin gurguzu ta lokacin suka ba da umarnin a hallaka garken raƙuman dawa na gidan, kusan guda 50, bisa zargin wata cuta mai yaɗuwa, abin da aka daɗe ana ɓoye shi ga jama'a. Filin safari, wato fili mai faɗi da dabbobi ke yawo a sake, da Vágner ya ci burin gani kuwa sai a 1989 aka buɗe shi, bayan ya bar shugabancin.

Abin da ya fi fito da sunan gidan a duniya shi ne farar karkandar arewa. A 1975 aka kamo wasu daga yankin Shambe, wanda yanzu yake cikin Sudan ta Kudu, aka kawo su gidan, kuma a wannan gidan ne kaɗai aka taɓa samun irin wannan karkanda ta haihu a hannun mutane. Da mafarauta suka ƙarar da na daji, kuma haihuwa ta tsaya a gidan tun bayan 2000, sai aka kai guda huɗu gandun Ol Pejeta na ƙasar Kenya a watan Disamba na 2009, da fatan iskar Afirka za ta sa su hayayyafa. Hakan bai yiwu ba. Namiji na ƙarshe, mai suna Sudan, ya mutu ranar 19 ga Maris 2018, ya bar 'yarsa Najin da jikanyarsa Fatu, waɗanda dukkansu a Dvůr Králové aka haife su.